Caravan ɗin Ostareliya ba ayari ba ne, to me za mu kira shi?

Salamu alaikum jama'a, masu Hausa ku matso kusa, cigiyar kalma nake yi.

Ƙanwata da ke karatu a Adelaide can Ostareliya ta turo bidiyo a gurup ɗin gidanmu, maƙwabtanta ne mata da miji da suka yi ritaya, sun ɗaura wani dogon ɗaki mai taya a bayan motarsu za su ratsa ƙasar tun daga kudu har Darwin a arewa, wata uku za su yi a hanya. Ta rubuta caravan, ƙaninmu ya sa a manhajar fassara ta ba shi "ayari", ya karanta wa Baba haka, Baba ya ce to raƙuma nawa ne kuma waye madugunsu. Kuma Baba bai yi kuskure ba, abin da ayari ke nufi ke nan a kunnen Bahaushe.

Kalmar asalinta ta Farisa ce, karwan, kuma ayarin take nufi. Daga baya Turawan Ingila suka liƙa ta wa keken doki mai rufi da ake kwana a ciki, sannan ta gangaro kan wannan da mota ke ja. Su kalma ɗaya ta ɗauke musu abu biyu, mu tamu ba za ta ɗauka ba, ayari jama'a ne, fatake da dabbobi da kaya da madugu, mutum biyu da motarsu ba su zama ayari ko da Bilma za su.

Ga wanda bai ga bidiyon ba, abin ba shi da inji sam, jan sa ake yi, amma ciki akwai gado da murhun gas da firij da tankin ruwa da banɗaki, ga sola a kan rufi. In sun isa wuri sai su kwance shi su tafi yawo da motar.

Na tambaya tun jiya an ba ni amsoshi. Wani ya ce tirela, amma kowa ya ji tirela ta siminti zai hango, balle ma a wannan hanyar akwai tireloli na gaske masu jan bodi uku har huɗu, tsawonsu ya haura mita 50, sai a rikita mai karatu. Gidan mota kuma gareji ne a kunnena. Wata 'yar'uwa ta ce bukka mai taya, ya yi daɗin faɗa amma bukka ta yi wa abin kaɗan.

Sai wani malami dattijo ya turo min saƙo ya ce yarinya me kike nema alhali kina da tafi-da-gidanka. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru. Shekara da shekaru muna cewa wayar tafi-da-gidanka, kotun tafi-da-gidanka, duk aro ne muke yi don a cikinsu babu mai gida ko ɗaya, yau ga abin da a zahiri mutum ke tafiya da gidansa mun tsaya muna lalube. Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. Abin da na tsayar shi ne, wanda ake ja a baya ɗakin tafi-da-gidanka, wanda kuma yake haɗe da injinsa da sitiyari motar tafi-da-gidanka. Na san ya yi tsawo, amma ba sai an yi wa kowa bayani ba, ko kaka ta ji za ta gane.

Filin da suke biya su kwana su ja wuta su cika tanki, wannan bai ba ni wahala ba, zango ne. Har gidajen man nan na kan hanya masu ɗan wurin cin abinci da ɗakunan kwana zango ne, aikinsu ɗaya da zangon fatake.

Wadda ta hana ni barci ita ce outback, sunan da suke kiran can cikin ƙasar nesa da manyan birane, inda mutanen nan za su ratsa. Kowa ya ce ƙungurmin daji, ni kuma ban yarda ba, don ƙungurmin daji duhuwar itatuwa ce inda rana ba ta kai ƙasa, can kuwa yawanci fili ne fetal jar ƙasa da gajerun tsirrai, akwai ma wani yanki a kudu da ake kira Nullarbor, sunan da Latin yana nufin babu bishiya, a can ne titi ke miƙewa kilomita 146 ba kwana ko ɗaya. Hamada ma ba ta cika ba, akwai hamada a ciki amma akwai makiyayar shanu da koguna na damina, kuma can sama wajen Darwin ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Dokar daji ta fi kusa tunda tana ɗauke da nisa da rashin mai ceto, kuma gaskiya akwai wannan, daga Port Augusta zuwa Darwin kan titin Stuart kilomita 2,700 ne da ɗoriya, ya kusa ninka Kano zuwa Legas sau uku, tsakanin Glendambo da Coober Pedy za ka yi wajen kilomita 250 ba gidan mai, a Oodnadatta an taɓa auna zafi digiri 50.7 a 1960, shi ya sa masu wannan tafiya ke jira sai sanyinsu daga Mayu zuwa Satumba, kuma in ciwo ya kama mutum likita a jirgin sama yake zuwa, tun 1928 suke da wannan tsarin.

Amma abin da ya dame ni da dokar daji, tana cewa ba kowa. Alhali akwai mutane. 'Yan asalin ƙasar suna zaune a wurin dubban shekaru kafin Bature ya sa ƙafa, dutsen Uluru nasu ne, sun san kowace rijiya. Ga Alice Springs gari guda a tsakiya, ga mutanen Coober Pedy masu haƙar wani dutse mai daraja da ake kira opal da suka fafe gidajensu a ƙarƙashin ƙasa saboda zafi. Ba zan so a kira mazaunin mutane da sunan da ya share su ba.

Ni ƙurya na zaɓa. Kamar ƙuryar ɗaki, can ciki nesa da ƙofa. Manyan biranensu Sidni da Melbon da Perth duk a bakin teku suke, su ne ƙofar, sauran kuwa ƙuryar ƙasa. Ƙuryar Ostareliya. Ba ta ce daji ba, ba ta ce hamada ba, ba ta kuma ce ba kowa ba.

Wani ɗan'uwa daga Agadez ya ce kar mu jefar da ayari gaba ɗaya a wannan labarin, kuma ya yi gaskiya, don ƙuryar nan ta ga ayari na ainihi. Tun wajen 1860 aka riƙa kawo raƙuma da masu jan su, galibi Musulmi daga Afganistan da yankin da yanzu yake Pakistan, su suka yi ta dakon kaya zuwa ciki kafin jirgin ƙasa da manyan motoci su karɓe aikin, sun gina masallaci a Marree, na Adelaide ma da suka gina yana nan har yau ana sallah, jirgin ƙasan da ke zuwa Darwin sunansu ya ci, The Ghan, daga Afghan, raƙuman da aka saki kuma jikokinsu na nan sun bazu a daji. Waɗannan su ne ayari, a bar musu kalmarsu.

Yanzu na sake gaya wa Baba, na ce maƙwabtan ƙanwata ne suka ja ɗakin tafi-da-gidanka za su ratsa ƙuryar Ostareliya suna kwana zango-zango, ya ce Allah Ya kai su lafiya, bai tambayi komai ba. Saura tirelolin nan masu bodi uku, direbobinmu na manyan motoci ku taimaka, a tasha me za ku kira irin wannan?