Kula da Kyanwar da Ta Makance

Masu kiwon kyanwa da suka tattauna batun sun fi nanata cewa kada a riƙa sauya wa kayan ɗaki wuri, domin makauniyar kyanwa da hanci, kunne da gashin baki take gane hanya, tana kuma haddace inda kwanon abincinta yake. A yi mata magana kafin a taɓa ta, don kada ta firgita ta kai yakushi. A rufe rijiya, a nisanta ta da murhu. Shawarar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce a garzaya wurin likitan dabbobi idan makantar ta zo farat ɗaya, domin hawan jini kan jawo ta ga tsohuwar kyanwa, kuma magani da wuri yana iya dawo da ganinta.