Neman shawara: zuwa kwarin Dades da na Todra a ƙasar Maroko a mota daga Marrakesh

Slm ƴan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni ɗalibi ne a Rabat, yayana da matarsa zasu zo min daga Maraɗi ƙarshen Disamba, shi kuma kullum hoton hanyar nan ta Dades mai lanƙwasa kamar maciji yake turo min wai sai ya taka ta da mota. Zamu yi hayar ƙaramar mota a Marrakesh, kwana biyu ne da mu, zuwa da dawowa. Zai yiwu? Kuma matar yayan nawa bata jure juyin mota, yanzu sai amai.

Ɗalibin Fas: Wslm. Kwana biyu dai wlh wahala zaku sha, ku mai da shi uku. Marrakesh zuwa Warzazat kusan kilomita 200 ne, a taswira kamar ba komai, amma sai kun haura mashigar dutse ta Tizi n'Tichka, mai tsayin mita 2260, hanyar duk kwana-kwana ce ga manyan motoci suna jan jiki a gabanka ba damar wucewa, awa 4 sai ta tafi. Daga Warzazat zuwa Bumalne Dades akwai wasu kilomita sama da 100, sannan ka shiga cikin kwarin kusan kilomita 30 kafin ka iso lanƙwasar da Yaya yake so.

Maman Biyu: Ƙanena batun matar yayanka, a gaba zata zauna ba baya ba, ta sha maganin amai tun kafin ku tashi, kar ta cika ciki da tajin (abincin Maroko) da safe kuma ta ajiye waya. Ni a Tichka na gane kurena, sau uku maigida yana fakin. Sannan ku ɗau rigunan sanyi na gaske, sanyin dutsen nan ya ninka hunturun gida, in zaku kama masauki ku tambaya ko akwai hita a ɗakin kafin ku biya.

Ɗalibin Fas: Gaskiya Hajiya ta tuna min, Disamba ƙanƙara na sauka a Tichka har a rufe hanyar da shinge sai an share. Ku duba yanayi da safe, kuma kar dare ya same ku a kan dutsen.

Direban Agadas: Ni jandarmomi zan ja maka kunne a kai. Suna tsayawa da na'urar rada mai auna gudu a bakin gari daidai inda allo ya sauko 60, kana wucewa da 75 an tare ka, tara zaka biya nan take su baka rasit. In ka ga allon tsayawa ka tsaya cak sai ya ɗaga maka hannu. Permi da fasfo da takardun mota su zauna kusa. Ka cika tanki a Bumalne ko Tingir, ka riƙe dirhami a hannu dan cikin ƙauyukan ba ko'ina kati ke aiki ba.

Wani memba: Ni a ganina Todra ta fi Dades kyau nesa. Kilomita 15 ne daga Tingir, duwatsu jajaye sun miƙe dama da hagu, wani wurin faɗin bai wuce mita 10 ba, ruwa na gudu gefen titi. Ku je da sassafe kafin bas-bas na ƴan yawon buɗe ido su cika wurin. Amma in hadari ya haɗu a saman dutse ku fita daga kwarin, ambaliyar can bata sallama, ta Satumba 2024 ta yi ɓarna sosai a yankin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na ga wata hanya a taswira da ta haɗa Dades da Todra ta sama, ta Msemrir, ba zata rage mana nisa ba?

Direban Agadas: Da ƙaramar motar haya, cikin sanyi? Rufa wa kanka asiri. Ka sauko Bumalne ka bi kwalta zuwa Tingir, kusan kilomita 50 ne kawai.

Mai tambaya: To shikenan, bari in kira Yaya ya ƙara kwana ɗaya a tikitinsu.