Takardun zinare na Amurka: me kuka gani wajen saye?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. An kawo mini takardar dala 20 ta 1922, babbar nan mai hoton George Washington, bayanta ruwan lemo, wadda aka rubuta a jikinta cewa ana biyan mai ita da tsabar zinare. Ba ta bi ta hannun masu tantancewa ba, amma a ido kamar yau aka buga ta. Waɗanda suka taɓa saye su ba mu labari kafin in zura kuɗina.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam ƙanina. Wannan "kamar yau aka buga" ɗin shi ne abin tsoro. A wani baje kolin tsoffin kuɗi nan Amurka, wani dattijo ya ajiye mini guda biyu irin taka, ya ce in zaɓa. Na nuna mai sheƙin. Sai ya kashe fitilar sama, ya haska tocila daga gefe, ga layin ninki uku sun fito raɗau. An wanke ta ne aka goge da dutsen guga. Ɗayar da na raina, in ka juya bayanta za ka ga tudun lambobin da injin ya danna, takardar kuma tana da ƙarfinta. Guga na kashe wannan tudun, ba ya dawowa. Kamfanin PMG, mai tantance takardun kuɗi, yana ba da maki daga 1 zuwa 70, kuma yana ƙara EPQ ga takardar da ba a taɓa yi mata kwaskwarima ba. Masu saye na gaske waɗannan haruffa uku suke fara nema, kafin ma makin.

Hajiya Babba: Ni ban san na Amurka ba, amma a adakar marigayi Baba mun tarar da fam da sulalla na zamanin Turawa, masu hoton bishiyar kwakwa, tun kafin Babban Bankin Najeriya ya fitar da nasa a 1959. An maƙale su da allura, tsatsa ta ci gefe, damina ta ƙarasa sauran. Ɗana, in ka saya, kada ƙyauro ko allura su kusance ta, kuma kada wani ya ce zai liƙe maka ita da roba a shagon hoto.

Malam Na Zariya: Hajiya ta yi gaskiya, liƙewa da roba kashe ta ne ɗungurungum. Abin da ya sa masu kyau suke wuya: a 1933 Shugaba Roosevelt ya sa aka mayar wa gwamnati zinare da takardunsa, sai a 1964 aka sake halatta wa masu tarawa riƙe su. Yau ba wanda zai ba ka zinare a kanta, tarihi kake saye. Ni abin da na gamu da shi daban ne. Wani ya bi ni har gida da "dala 100,000" mai hoton Woodrow Wilson, tana walƙiya, wai gado ce. Ta gaskiyar, ta 1934, tsakanin bankunan gwamnati kawai ta yi yawo, ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba, kuma doka ba ta yarda mutum ya mallake ta ba. Na ba shi ruwa ya sha, muka yi sallama.

Baban Ummi: Ka duba launin bayan ma. Tawadar lemon nan tana dafewa ta koma ƙasa-ƙasa, rana kuma tana koɗar da ita.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Na haska tocila kamar yadda Yaya ya ce. Ninki ɗaya ne a tsakiya, tudun lambobin kuma babu shi sam. Mai ita ya dage ba a taɓa goge ta ba. Na ce ya aika a tantance, kuɗin tantancewar a kaina in ta fito da EPQ. Ya ce zai yi shawara.