Maganin atishawa da ƙaiƙayi na kayar da ni barci, ku ma haka yake muku?

Tela Bakin Titi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, wajen ƙarshen Nuwamba, ni kuma tawa ta same ni. Atishawa goma a jere, hanci na zuba, ido ya kaɗa ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ga shagona a bakin titi, ga ƙurar yadi. Mai kemis ɗin layinmu ya ba ni 'yan ƙananan ƙwayoyin nan, kulofeniramin mai miligiram 4, wanda muka fi sani da Piriton. Gaskiya atishawar tana tsayawa. Amma jiya da hantsi na sha guda, kafin azahar sai ga ni ina gyangyaɗi a kan keke, allura ta goge mini gefen yatsa. Ga ɗinkin biki a hannuna, saura mako biyu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya taimaka ya faɗi yadda ya yi.

Direban Kano zuwa Jos:
Wa alaikumus salam. Malam, ka gode wa Allah keken ɗinki ne a gabanka. Ni da dare na sha nawa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da tunanin kafin gari ya waye ya sake ni. Na tashi da asuba na yi salla, na yi lodi, fasinja ya cika. Ban ji barci ba, abin da na ji shi ne kaina ya yi nauyi, komai na zuwa mini a makare. Mun wuce Kwanar Ɗangora wata akuya ta tsallaka, na gan ta sarai, amma ƙafata ba ta kai birki da wuri ba. Allah ya tsare, akuyar ce kawai ta tafi. Na sauka gefen hanya na wanke fuska, na zauna ya fi minti ashirin ina kallon mutanen da na ɗauko, har da mai goyo. Tun ranar, in dai ina da tafiya gobe, ba na shan sa yau. Kuma ina faɗa wa yaran tasha, don da yawansu suna haɗiyar maganin mura su kama sitiyari.

Maman 'Yan Biyu:
Ni nawa laifin a kan yara na yi shi, kuma har yau ina nadama. Ɗana yana da shekara biyu da rabi sauro ya yi masa cizo, ya kwana yana susa. Maƙwabciyata ta ce in ba shi na ruwan, zai huce kuma zai yi barci in samu in huta. Na ba shi da cokalin shayi, ban ma duba kwalbar ba. Barcin da bai yi ba ke nan. Ya yi ta kuka yana fizge-fizge, ya hau nan ya sauka can, idonsa ƙyar har kusan asuba. Da safe a asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce wasu yara haka yake juya musu, maimakon ya kwantar sai ya hargitsa su. Ta kuma yi mini faɗa sosai kan cokalin shayi, ta ce abin awon da ke cikin kwali shi ake amfani da shi. Iyaye mata, don Allah mu daina mayar da shi maganin sa yaro barci. Na san gajiyar raino, ni biyu na rena lokaci guda, amma ba hanya ba ce.

Ɗan Autan Baba:
Hajiya ta tuna mini da mahaifinmu. Ya haura saba'in, dama fitsari yana ɗan yi masa wuya, yana fita kaɗan-kaɗan. Jikinsa ya yi ƙaiƙayi lokacin sanyi, ƙanwata ta sayo masa ƙwayoyin, yana shan ɗaya safe, rana da dare. A kwana na biyu fitsari ya tsaya cak. Mara ta kumbura, tsoho yana juyi yana salati. Cikin dare muka kai shi, sai da aka sa masa roba. Likitan ya tambayi abin da ya sha, da muka nuna masa ya ce ga tsohon da ƙullutun nan na ƙasan mafitsara ya kumbura masa, irin wannan magani yana iya ƙarasa toshe hanyar. Ƙaiƙayin kuwa ashe bushewar fata ce ta hunturu. Man kaɗe da rage wanka da ruwa mai zafi sosai suka raba shi da ita.

Anti Mai Kantin Magani:
Sannunku. Aikina ke nan shekara da shekaru, bari in ɗan yi bayani, don labaran nan huɗu tushensu ɗaya.

Idan ƙura ko furen ciyawa ko wani abinci ya taɓa mutumin da jikinsa ba ya so, jiki yana sakin wani sinadari da ake kira histamin. Shi ke kawo atishawa, zubar hanci, jan ido da borin jini. Maganin yana tare gurbin da histamin zai zauna ne, shi ya sa abin ke lafawa. To a cikin ƙwaƙwalwa, histamin ɗin nan yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke. Kulofeniramin tsohon magani ne, tun ƙarshen shekarun 1940 ake amfani da shi, kuma yana ratsawa ya shiga ƙwaƙwalwa, sai ya tare histamin a can ma. Barcin ke nan. Yana kuma daɗewa a jikin babba, sai ya kwana ya wuni bai gama fita ba, abin da ya sami direbanmu ke nan. Bushewar baki, ganin dishi-dishi, taurin bayan gida da riƙewar fitsari duk suna cikin halinsa. Mai hawan jinin ido ma ya yi hattara da shi.

Ƙa'idarsa ga babba: miligiram 4 bayan awa 4 zuwa 6, kada a wuce miligiram 24 a yini, wato ƙwaya 6. Tsofaffi rabin haka. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba ba a ba shi.

Abin da ya fi damuna a kanti shi ne mai haɗa biyu bai sani ba. Magungunan mura da yawa da na tari na ruwa suna ɗauke da kulofeniramin a ciki. Mutum ya sha na mura, ya ƙara da na ƙaiƙayi, ya ninka ke nan. Ku riƙa juya kwali kuna karanta abin da ke ciki, in ba za ku iya ba ku miƙa a karanta muku.

Malam Tela, akwai na baya-bayan nan da ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai: loratadin da setirizin, kowanne miligiram 10 sau ɗaya a yini ga babba. Ka gwada ranar da ba ka da aiki ka ga yadda jikinka zai karɓa.

Malamar Firamare:
Anti, ni setirizin ɗin ma kayar da ni yake yi. An ce mini ba ya sa barci, na sha da safe na shiga aji, kafin tara na ji kamar an ɗora mini dutse. Yanzu bayan isha'i nake shan sa. Mijina kuwa ko gezau, ya sha ya hau babur.

Anti Mai Kantin Magani:
Haka ne Malama, setirizin ya fi loratadin sa barci, wasu yana kama su. Kuma wanda ya yi watanni yana shan setirizin kullum ya sani, a 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu 'yan kaɗan suna samun matsanancin ƙaiƙayi idan suka daina bayan dogon lokaci. Mai irin wannan ya yi shawara da likita kafin ya ajiye.

Kawu Na Gusau:
Mu da muka sha kulorokwin a zamaninsa mun san ƙwayar Piriton ɗin nan tun kafin a haifi wasunku. Zazzaɓi ya kama ka, a ba ka kulorokwin, ƙaiƙayi ya taso tun daga tafin hannu har tafin ƙafa, kamar an zuba maka ƙaiƙayin gero a riga. Dole a haɗa maka da ita. Ni dai ban taɓa jin ta kashe mini wannan ƙaiƙayin gaba ɗaya ba, barci take sa ni in samu in wuce daren. Ina jin daga nan mutanenmu suka ɗauke ta abin wasa, kowace jaka akwai ta.

Yayar Amarya:
Ni abin da zan faɗa ya ɗan kauce, amma dangin maganin ne. Ƙanwata da aurenta ya matso ƙawaye suka ce ta rame, suka kawo mata sha-ka-fashe. Da na karɓi kwalin na kai wa wata ma'aikaciyar lafiya, ta ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin sifroheftadin ne, asalinsa maganin borin jini ne, buɗe ciki da yake yi shi ya sa ake sayar wa 'yan mata. Ɗayar kuma deksametason ce, maganin kumburi mai ƙarfi, wadda ta ce ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Yarinyar nan ta koma ci da barci kawai. A islamiyya a zaune take barci, fuska ta kumbura ta yi suntum, ƙafafu kuwa suna nan yadda suke. Na yi kuka ranar da na gane. Ba a bar ta ta yanke deksametason ɗin lokaci guda ba, a hankali likita ya riƙa rage mata, don ya ce yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. An yi bikin tana nan da jikinta na da, kuma ta fi kyau a haka.

Mai Zuma Daga Toro:
Don Allah a kula da wannan. Muna cire zuma da dare ƙudan zuma suka harbi ƙanena a wuya, biyu ko uku kawai. Mu da harbi ya zame mana jiki ba mu damu ba. Cikin 'yan mintuna leɓɓansa suka kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙara. Wani ya ce a ba shi maganin ƙaiƙayi a jira. Ko haɗiya ba ya iya yi. Na ɗora shi a babur, wani ya riƙe shi ta baya, muka yi asibiti. Allurar adirenalin aka yi masa a cinya, a gabana ƙirjinsa ya buɗe. Ma'aikacin ya ce da mun zauna jiran ƙwaya ta yi aiki da labari ya sha bamban, domin ita ba ta buɗe maƙogwaro. Kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, jiri bayan harbi ko bayan cin wani abu, wannan na gudu ne zuwa asibiti.

Uwar Ɗan Makarantar Kwana:
Mu kuma wata guda muka yi muna shan maganin a banza. Yarona ya dawo hutu yana susa, musamman da dare, tsakanin yatsu da kugu. Kafin mako uku duk gidan muna susa. Ashe ƙazuwa ce. Ƙwayar tana rage ƙaiƙayin, amma ƙwaron yana nan cikin fata yana haƙa. Sai da aka ba mu na shafawa, kowa ya shafa rana ɗaya, muka wanke zannuwa da ruwan zafi muka shanya a rana.

Mai Jiran Haihuwa:
Anti, ina wata takwas, tafin hannuna da na ƙafata suna ƙaiƙayi da dare, babu ƙuraje. Zan iya shan loratadin ɗin?

Anti Mai Kantin Magani:
Ƙanwata, kar ki tsaya kan maganar ƙwaya. Ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa a ƙarshen ciki, ba ƙurji, yakan zama alamar matsalar hanta da ke iya shafar jariri. Gobe da safe ki je wurin awo ki faɗa musu kamar yadda kika faɗa mana, ki nemi a gwada jininki. Kar ki jira ranar awonki ta zagayo.

Tela Bakin Titi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau kwana shida ina shan loratadin bayan sallar asuba. Ban yi gyangyaɗi ba ko sau ɗaya. Atishawar ta ragu sosai, sai dai toshewar hanci ba ta tafi duka ba, kuma na ga kamar tsohon maganin ya fi saurin tsayar mini da atishawar. Na fara sa takunkumi idan ina yanka yadi, ina yayyafa ruwa kafin shara, na kuma rataya labule a ƙofar shago. Na duba kwalin maganin murar da ke aljihun kekena, ashe da kulofeniramin a ciki, kuma ranar da allura ta goge ni na sha shi ma. Saura riguna huɗu in gama ɗinkin.

'Yar'uwa mai jiran haihuwa, kin samu kin je? Muna jiran mu ji.