Musayar Waƙa: 'Yar Aiki a Birazil

Malam Garba:
Ku zo mu leƙa Birazil, 'yan'uwa,
Ƙasar rake da kofi da rawa.
Can jihar Bahiya aka sauke bayi, har Hausawa,
A 1888 aka saki bawa,
Ba gona, ba sisi, ba wurin zuwa.
Baiwa ta koma madafin uwargijiya,
Suna ya sauya, tukunyar dai ɗaya.
Hajiya Rabi, ina doka ta tsaya?

Hajiya Rabi:
Malam, doka ta zo, sai dai ta makara,
A 2013 tsarin mulki aka gyara,
2015 doka mai lamba 150 ta ƙara.
Awa 8 a yini aka tsara,
44 a mako, in kuwa an ɗara,
Kuɗin awa da rabinsa za a tara.
Hutu kwana 30 duk shekara,
Albashi na 13, ƙarin ƙarshen shekara, ba a yi masa ƙwara.
Kashi 8 cikin 100 na albashi maigida zai zuba
A asusunta duk wata, a je a duba.
Benedita da Silva, da aikatau ta fara,
Ita ta riƙe ƙudurin a majalisa har ya ƙetara.

Auwalu:
Hajiya, a gafarce ni, randar na yoyo.
Doka ta ce sai an wuce kwana biyu a mako
Kafin mace ta zama ma'aikaciyar gida.
Masu gida suka gano inda ƙofar take,
Kwana biyu cif, a biya, a sallame.
Diyarista suke ce mata, mai aikin yini,
Gida uku take zagawa, Litinin zuwa Asabar,
Ba wanda ya sa hannu a katin aikinta.
Fansho? Sai in ta cire daga na cefane ta biya.

Hajiya Rabi:
Yaro, ka tsere wa amsa-amo,
Amma zancenka ya yi armashi, ka kamo.

Malama Asabe:
Yaya, ku duba ko su wa ke wanke-wanke:
Cikin goma, tara mata ne, a taƙaice,
Kusan biyu cikin uku baƙaƙe ne, a lissafe.
Shi kansa ginin da bambancin aka zane:
Ɗaki bayan madafi, kusa da wurin shanya, a matse,
Gado ɗaya ya cika shi, ƙofa da kyar ta buɗe.
Lif biyu a bene, na baƙi a goge,
Na baya na shara ne da ita, a haɗe.
Wai "kamar 'yar gida ce", haka za su ce,
'Yar gidan da ke cin abinci a tsaye.
Tun 1936 Laudelina, wata 'yar aiki, ta miƙe,
A birnin Santos ta kafa musu ƙungiya, a riƙe.

Malam Garba:
To, wadda aka danne, ina ta dosa?

Malama Asabe:
Kotun ƙwadago, Malam, can za ta isa.
Shekara 2 bayan barin aiki, kar ta yi nisa,
In ta wuce haka, ƙarar ta bi iska.
Haƙƙin shekara 5 baya kaɗai za a lasafta.
Rubuta awanni wajibin maigida ne, ba nata,
In bai rubuta ba, shi zai sha tambayar alƙali.
Mai zuwa kwana uku ta adana saƙonnin waya,
Da shaidar kuɗin da aka tura mata duk wata.