Abin da aka tattauna kan turakun wutar ƙaramin jirgin ƙasa

Jama'a ga abin da na tsinto daga maganganunku kan yadda za a haɗa turaku da wayar wutar da ke bi ta saman ƙaramin jirgin ƙasa na wasa.

1. Turaku: kusan kowa ya ce sipok ɗin keke, masu gyara a kasuwar Wudil ba sa rasa shi, sai a shafa fenti saboda tsatsar damina.
2. Waya: ta tagulla daga tsohon koyil ɗin fanka, a kankare rufinta tukuna, in ba haka ba dalma ba za ta kama ba.
3. A ma'aunin HO (inda ake ƙanƙanta jirgin gaske sau 87), tsayin wayar kusan santimita 7 daga kan layin dogo, a kwana kuma turaku su matso kusa da juna.

Inda aka rabu: wasu na son wuta ta bi wayar da gaske, wasu sun ce wadda ke bi ta layin dogo ta isa. Ni ina bayan na biyun, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta yanke wutar wayar.