Alhamis ɗin da gajeren zango ya yi shiru da tsakar rana: me kuka ji a wajenku?

Mai gyaran rediyo, Kano

Assalamu alaikum. Ina so in ji daga bakin duk wanda akwatinsa yake kunne a gajeren zango ranar Alhamis da ta wuce, 3 ga Oktoban 2024, bayan ƙarfe ɗaya na rana. Ina shago ina gwada wani akwati da na gama sauya wa lasifika, yana magana tangaram a mita 19, sai muryar ta riƙa nisa kamar mai maganar yana ficewa daga ɗakin, cikin 'yan mintoci ta ɓace. Na zargi aikin hannuna, na sake kwance shi ban ga komai ba, na ɗauko nawa da na yarda da shi, shi ma na bi mita 49 har zuwa 16 ban kama kowa ba, alhali tashoshin FM na cikin gari suna ta magana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne har shuwwar da ake ji tsakanin tasha da tasha ta yi ƙasa. Akwatin da ya lalace ba haka yake yi ba.

Dattijo mai saurare, Maraɗi

Wa alaikumus salam, ɗana. A nan ma haka aka yi, ina zaune a zaure kafin a kira azahar. Na aiki jikana ya sayo sabon batir, muka sa, bai canza komai ba, har na fara jin haushin mai shagon da bai yi laifi ba. Da na dawo daga masallaci na tarar mita 16 ta fara dawowa, amma mita 41 da 49 sun daɗe kafin su farfaɗo. Wannan ba shi ne na farko ba a wurina, domin na tuna irinsa a shekarar 2017, 'yan kwanaki bayan babbar salla, shi ma da tsakar rana. Tun ina saurayi nake sauraron BBC Hausa da Rediyon Kaduna a mita 49, kuma ban taɓa ganin wannan shirun ya zo da dare ba.

Malamar kimiyyar fiziks, Zariya

Baba, Allah ya ƙara lafiya, abin da ka lura da shi na cewa ba ya zuwa da dare shi ne mabuɗin al'amarin. Ni ban kama shi da kunnena ba, ina aji a lokacin, ɗalibaina biyu ne suka zo mini da labarin washegari, na duba ma'aunin taurarin ɗan'adam na GOES da Amurka take sa ido da su a kan rana. Da ƙarfe 1:18 agogon Najeriya da Nijar, wani wuri a fuskar rana ya yi tartsatsi mai ƙarfin da aka auna X9, wato a ajin tartsatsi mafi ƙarfi, wanda ba a ga kamarsa ba tun watan Satumban 2017, lokacin da aka yi wanda ka tuna.

Yadda abin yake shi ne, tashar da take Ingila ko tsibirin Asenshon da ke Tekun Atlantika ba ta iso mana kai tsaye, saboda duniya a lanƙwashe take. Igiyarta tana hawa sama ne, ta tarar da wani sashe na iska da hasken rana ya cika da lantarki, a tsayin kilomita ɗari biyu zuwa ɗari huɗu ko kusa da haka, ya lanƙwaso ta ƙasa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashen, tsakanin kilomita 60 da 90, wanda ba ya mayar da igiya, shanye ta yake yi. Da rana yake samuwa, da dare ya watse, shi ya sa tashoshin nesa na matsakaicin zango suke fitowa bayan magariba. Idan rana ta yi irin wannan tartsatsin, haskenta mai ratsa jiki yana cinye kilomita miliyan 150 cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, ya kumbura wannan sashe na ƙasa, sai ya haɗiye duk abin da ya biyo ta cikinsa. Ɓangaren duniyar da ke fuskantar rana kaɗai abin yake shafa, kuma ranar mu ne muke fuskantarta. Yakan fi cin zanguna masu yawan mita irin su mita 49, don haka su ne na ƙarshen dawowa, daidai yadda ka ji. FM kuwa ba ta hawa can, daga eriyar tasha zuwa akwati take zuwa.

Ɗalibin injiniyan sadarwa, Kumasi

Malama, a wajenmu ƙarfe 12:18 ne, kuma na yi sa'a ina naɗar zangon mita 19 a kwamfuta don wani aikin makaranta. A hoton da na samu, layukan tashoshin suna tafiya a jere, sai suka dushe tare a lokaci guda kamar an goge allo. Ina so in ƙara a kan maganar shuwwar da Malam na Kano ya yi, domin ita ta fi burge ni. Wani kaso nata daga tsawar wurare masu nisa yake zuwa, wani kuma daga wajen duniya gaba ɗaya. Karl Jansky ne ya gano haka a farkon shekarun 1930, lokacin da kamfanin Bell ya sa shi binciken abin da ke dama wayar gajeren zango da ke ƙetare teku, ya tarar da wata shuwwa mai dawowa duk bayan awa 23 da minti 56, ya bi ta har tsakiyar gungun taurarin da muke ciki. A yau akwai na'urar da aikinta kawai shi ne auna raguwar wannan shuwwa, a san yawan abin da sama ta shanye.

Matar gida, Gusau

Ni dai ina wanke-wanke na ji ya ɗauke, na ɗauka yara ne suka taɓa eriyar, na kashe shi na ci gaba da aikina. Da la'asar na kunna ya kama lafiya ƙalau. Malama, ina tambaya, wannan hasken yana iya cutar da mutumin da yake tsaye a rana?

Malamar kimiyyar fiziks, Zariya

Hajiya, kwantar da hankalinki, iskar sama tana tare shi tun kafin ya sauko ƙasa, kuma wannan tarewar ce ma take kashe gajeren zangon. Sai dai ina ganin za mu sake jin irinsa, domin rana tana zafafa wannan aikin nata ne kusan duk shekara 11, kuma a wannan shekara ta 2024 muna tsakiyar lokacin. Roƙona ga duk wanda ya ci karo da shi, ya rubuta garinsu, da lokacin da tashar ta ɓace, da zangon da ya fara dawowa.

Mai gyaran rediyo, Kano

Na gode, Malama. Na ajiye littafi da biro kusa da akwatin gwaji, kuma gobe zan nemo mutum biyun da suka kawo mini akwatunansu a ranar in mayar musu da kuɗin dubawa, tunda babu abin da na gyara. Baba, idan ya sake faruwa, don Allah a duba mana agogo a Maraɗi mu gwada da namu.